Wasiƙun da Marlys Ba Ta Buɗe Ba

Shekara ashirin da uku Marlys Tvedt tana zuba wa yaran firamare abinci a garin Fargo na ƙasar Amurka, kuma ba wanda ya taɓa ganin ta kashe wa mutum waya yana cikin magana. Haka aka raine ta. Ko mai tallan inshora ne, sai ta saurare shi har ya gaji, sannan ta yi masa godiya.

Bashin ya faro ne da jinyar mijinta Arvid. Shi ya rasu, katunan bashi uku suka zauna daram, dala dubu goma sha tara. Babban tsoronta kada a taɓa albashinta, don da shi take biyan hayar ɗan gidan da suka tsufa a ciki. Mutanen can kuwa gara ka tambaye su ciwon da ke jikinsu da ka tambaye su bashinsu. 'Yarta Jolene kaɗai ta sani, ita ma rabi. Ita ce ta manna takarda a jikin firiji: KADA KI BA KOWA LAMBAR KATI.

"Mama, ɓarayin waya irinki suke farauta. Kin ji ko?"

"Na ji, ranki ya daɗe. Wai ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Wata Talata da rana wani ya kira, ya ce sunansa Curtis, daga kamfanin sasanta bashi.

"Madam Tvedt, ni ba na son lambar katinki. Duk wanda ya nema, ɓarawo ne."

Ta kalli firiji, hankalinta ya kwanta. Ya ce ta daina biyan bankuna, ta riƙa aiko wa kamfaninsa cakin dala ɗari huɗu duk wata, su za su zauna da bankunan a yafe mata rabin bashin.

"Za su yi ta turo miki wasiƙu don su firgita ki. Kada ki buɗe ko ɗaya, aikinmu ne wannan."

Baiwar Allah, ta bi umarni sau da ƙafa. Wasiƙa na zuwa, sai ta jefa ta cikin tsohon gwangwanin biskit ta danne murfi. Rabonta da barci mai daɗi irin na watannin nan tun Arvid na raye. Da Kirsimeti har kati ta aika wa Curtis, tana gaishe da iyalinsa.

A wata na tara ta ga albashinta ya zo babu kashi ɗaya cikin huɗu. Matar ofishin makarantar ta gaya mata, murya ƙasa-ƙasa, umarnin kotu ne. Ta kira Curtis, layin ya mutu. Sai a lokacin ta buɗe gwangwanin. Sammacin kotu yana ciki tun watan Fabrairu, har da wata wasiƙar banki da ke cewa ta zo a daidaita. Ranakun duk sun wuce. Kunya ta fi kuɗin yi mata ciwo, ta zauna a kicin ta yi kuka.

Ran Lahadi Jolene ta kira.

"Muryarki wani iri, Mama. Ba ki dai ba kowa lambar ba ko?"

"Ban ba kowa ba."

"Yauwa, uwata ta kaina!"

Kuɗin haya bai cika ba a watan, kuma ba zai cika a na gaba ba. Ta fara roƙon kwalaye daga kicin ɗin makaranta, tana cewa na gyaran ɗaki ne, alhali shirin barin gidan take yi. Tana cikin naɗe kofunan Arvid a jarida waya ta yi ƙara. Wata mata ce mai sanyin murya.

"Madam Tvedt? Mun ji abin da aka yi miki. Mu aikinmu ƙwato wa mutane kuɗinsu ne, ɗan kuɗin buɗe fayil kawai za ki biya."

Marlys ta gane ɓarayin ne suka dawo, wannan karon ta gane sarai. Amma a duk duniya ba wanda ya san abin da ya same ta sai su. Ta ajiye kofin, ta jawo kujera.

"Ina jin ki," ta ce. "Na gode da kiran."