Shirun Doktor Ra'uf

Tun da ciwon gwiwa ya kama Hajiya Fathiyya, ba ta ƙara taka titin Shubra, unguwarmu a Alƙahira, ba. Daga barandarta, can ƙololuwar benenmu, take zuro kwando da igiya a saka mata burodi, wake, har magani. Da keken ɗinki ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, ta kuma rantse ba wanda zai raba ta da gidanta sai mutuwa.

Kantin maganin Doktor Ra'uf yana ƙasan benen, shi kuwa da ihu yake bayanin magani. Ran nan ya ɗaga kai ya kwarara mata kira, "Hajiya! Maganin riƙe fitsarin nan, ɗaya kafin barci!" Masu shan shayi a bakin titi suka tuntsire da dariya. Ta sa ɗanta Hamdi ya kai ƙara. Masu duba kantuna suka zo suka ja wa Doktor kunne a gaban jama'a: ciwon mutum sirrinsa ne, doka ce.

Daga ranar ya ɗinke bakinsa.

Shi ke ba ta maganin tsinka jini shekara da shekaru. Da gwiwar ta matsa mata, ta zuro kwalin wani maganin ciwo da ƙawarta ta yaba mata. Ya san sarai biyun ba sa haɗuwa. Ya saka mata sabo a kwando, ya koma kujerarsa.

Ni maƙwabcinta, ni na tsince ta tana aman jini.

Daga asibiti kantinsa na nufa.

"Doktor, ka sani ko ba ka sani ba?"

"Ɗan'uwa, doka ta hana ni tona asirin majinyaci."

"Ihu ta hana ka! Ta hana ka buga waya? Ko ƙafarka ce ta karye?"

Ya goge gilashinsa a nutse. "Ai Hajiya ce ta ce in yi shiru. Na yi."

Ba tsoron doka na gani a idonsa ba. Mutumin da aka kunyata na gani, wanda ya samu hanyar ramuwa da hannunsa fes, har da doka a matsayin garkuwa.

Hajiya ta rayu, amma likitoci suka ce zaman kaɗaici ya ƙare. Da Hamdi ya kawo ta kwasar kaya, ta leƙo ta tagar mota.

"Ra'uf, Allah ya isa!"

Ya juya ga masu sayayya yana kaɗa kai. "Kun ji ko? Tsufa ke nan, baiwar Allah."