Dutsen Awo a Gonar Baba Iro

Ko zan manta da duk aikin da na yi da kyamara, ban da wata ranar Talata a farkon damina, a wani ƙauye bayan Minjibir. Ku da kuka shigo sana'ar nan jiya-jiya, ku buɗe kunne.

Lokacin ni ne mai ɗaukar hoto, darakta ya faɗi abin da yake so, ni in kamo masa. Wasu samari huɗu 'yan birni masu kiɗan rok, irin na jita mai lantarki da ganguna masu tsage kunne, suka ba mu aikin bidiyon waƙarsu. Waƙar tana caccakar masu yanka gonakin talakawa suna mai da su fulotai. Ni dai a raina na ce 'yan gata ne kawai, ko gero da dawa ba za su bambance ba a gona.

Muka samu gonar wani dattijo, Baba Iro, wadda masu awo suka riga suka kafa wa dutsen siminti a tsakiya, alamar za a yanka ta. Ita ke nan gare shi. Tsarin darakta Kabiru shi ne, a ƙarshen waƙa mawaƙin ya rafka wa dutsen jita, sannan a tumbuke shi.

Baba Iro ya girgiza kai. "Yaro, in kun tumbuke, mota za ku shiga ku koma Kano. Ni za a zo a kama, gonar ma a samu hujjar ƙwacewa."

Kabiru ya ce, "To Baba, me za mu ɗauka?"

Sai dattijon ya juyo gare ni, ya nuna kyamarar. "Abin nan naka yana riƙe abin da ya gani?"

"Har jikoki, Baba."

"To biyo ni."

A ƙa'ida mai kyamara ba ya ɗaga ƙafa sai da izinin darakta. Na dubi Kabiru, ya gyaɗa kai.

Baba Iro ya kama bin iyakar gonarsa yana magana. "Wannan gambar ubana ya dasa, bayanta gonar Malam Audu ce. Ɗorawar can, ƙasar tawa ce, 'ya'yanta na ɗakin ƙanwata ne. Nan jakinmu yake sauke taki tun ban iya riƙe fartanya ba."

Wallahi ba wanda ya kira kowa. Maƙwabta da ke noma suka ajiye fartanya, kowa ya zo ya tsaya a bakin iyakarsa. Duk wanda Baba ya wuce sai ya ce, "Haka ne, na shaida." Ashe haka suke yi in maganar iyaka ta taso. Mai gangar samarin nan ya soma bin takun dattijon da kiɗa a hankali, jitar tana gurnani ƙasa-ƙasa. Mawaƙin da tun safe yake cika mana kunne da ihu, shi ma ya bi bayan Baba.

Da ya gama zagaye sai ya nufi tsakiyar gona, ya tsaya kan dutsen.

"Wannan kuma ban san wanda ya dasa shi ba. Akwai mai shaida?"

Shiru. Mutum ya fi ashirin a wurin, ko tari babu.

Da wannan shirun aka rufe bidiyon, baitin ƙarshe ma yaran da kansu suka ce a cire. Ba zan yi muku ƙarya ba, dutsen yana nan har yau, magana tana gaban hukuma. Amma bana ma Baba Iro ya girbe geronsa, kuma duk zaman da aka kira shi, 'yarsa tana tafiya da bidiyon a waya.

Tun daga ranar ban ƙara kafa kyamara a wurin mutum ba sai na tambaye shi abin da yake so a gani. Mu kayan aiki muke kawowa, labarin yana wurin masu ƙasa. In kun kalli bidiyon za ku ga hoton yana rawa wajen dutsen nan. Mai tace bidiyon ya so ya gyara, Kabiru ya hana. Hannuna ne, kuma ban ji kunya ba.