Ranar da Nasiru Ya Ga Ƙarshen Wasa

Akwai wata ranar Alhamis, lokacin yankan shinkafar rani, da har yau ba ta bar raina ba. Ku sababbi da kuka shigo bana, ku buɗe kunne. Ni nake faɗa, Rifkatu tana rubutawa, don ban taɓa zama a aji ba.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a Kura, bayan injin casar shinkafa, inda ake rubuta maƙaloli da Hausa ana sa su a kundin ilimi na intanet. Shara da riƙon makulli aka ɗauke ni. Da shugabanmu Malam Sabo ya lura magana ba ta wuce ni, sai ya ƙara mini aiki. Matakai uku ne. Marubuci ya rubuta. Mai tantancewa, wato Rifkatu, 'yar Filato da ta daɗe a nan, ta bi kowace magana ta ga daga wane littafi ko jarida aka ɗauko ta. Sannan a karanta mini da ƙarfi. In ban gane ba, manomin Bunkure ma ba zai gane ba, sai a sake.

Nasiru makanikin injin casa ne, magidanci mai 'ya'ya uku. Shekara biyu yana marubuci, yana ƙwaɗayin a ɗaga shi ya zama mai tantancewa. Malam Sabo ya ce gwajinsa maƙala ɗaya ce, a miƙa ta kafin la'asar ɗin Alhamis. In aka samu magana ɗaya marar tushe, sai baɗi.

Maƙalar a kan wani wasan kwamfuta ce, irin wanda samari ke cewa gem. Wani mayaƙi mai baƙar riga ya shiga tsohon gari na duwatsu, duk makabarta da jemagu da gine-gine masu tsini, yana sarar dodanni yana neman wata mata da aka tsare. Rifkatu ta duba waɗanda suka ƙera shi da shekarar da ya fito, duk daidai. Labarin cikin wasa kuwa, ƙa'idarmu ba a neman masa jarida. Wasan kansa shi ne shaida, muddin marubuci ya gani da idonsa.

Da hantsi Nasiru ya fara karanta mini. Farkon ya yi daɗi. Ya faɗi ƙofar da ake shiga, da rijiyar da mayaƙin ke faɗawa, har da fitilar da ke hannunsa. Da ya kai hasumiyar ƙararrawa, sai labari ya zama fanko: wai mayaƙin ya kashe dodon da ke gadinta, ya ceto matar, aka ɗaura aure.

Shekara ashirin ina kula da masu ban ruwa a gonar maigidana, Allah ya ji ƙansa. In ɗan ƙwadago ya ce ya kai ruwa kwamin ƙarshe, ba bakinsa nake kallo ba, ƙafarsa nake kallo. Wanda ya je, da taɓo yake dawowa.

Na ce, "Kai Nasiru, ƙarshen nan ƙafarka a bushe take. Ka je?"

Ya ce, "Iya, ai duk haka suke ƙarewa."

"Ba su na tambaye ka ba. Matar nan wace irin riga ta sa ranar auren?"

Ya sosa ƙeya. Sai ya ce, "Gaskiya Iya, sati uku dodon hasumiyar nan yana kashe ni. Ban wuce shi ba."

Rifkatu ta riƙe ciki tana dariya. "Wato kai ne waliyyi, kai ne liman!"

Malam Sabo bai yi dariya ba. Ya dubi agogo ya ce, "La'asar ba ta yi ba tukuna. Ko ka gani ka rubuta, ko ka goge ka jira baɗi."

Aka kunna wasan a babbar kwamfuta. Ni dai na ja kujerata na zauna, don ban yarda a sake kawo mini labarin da ba a gani ba. Dodon ƙato ne mai fikafikai, kansa kamar na bunsuru. Sau biyar yana maka mayaƙin da ƙasa. Nasiru yana gumi, Rifkatu tana cewa, "Ango, tashi mana, amarya na jira!"

Ban san abin da ake dannawa ba, amma kallo aikina ne. A karo na shida na ce, "Kai, me ya sa kake gudu in ƙararrawa ta buga?"

"Iya, ai lokacin yake kawo sara."

"A bugu na ɗaya da na biyu ne yake sara. A na uku sunkuyar da kai yake yi, ƙarar tana damunsa. Kai kuma lokacin kana can lungu ka ɓuya."

Ya dube ni kamar na yi masa Turanci. Bayan azahar ya gwada. Bugu na uku ya shiga da takobi. Sau huɗu ya yi haka, dodo ya zube. Ihun da Nasiru ya yi sai da masu shanyar shinkafa suka leƙo ta taga.

Sai ga ƙarshe. Babu aure. Ashe matar ta daɗe da mutuwa, fatalwarta ce ke kiransa. Mayaƙin ya ajiye takobi, ya kama igiyar ƙararrawa, ya zama shi ne sabon mai gadin hasumiyar.

Nasiru ya ce, "Ashe ba biki."

Rifkatu ta ce, "Ga shi mun riga mun ɗinka anko."

Ya zauna ya sake rubutawa, ya karanta mini. Wannan karon har ƙurar da ke kan igiyar ya faɗa. Ana gab da kiran la'asar ya miƙa. Malam Sabo ya karanta sau biyu, ya ce, "Ka ci. Amma ba don dodo ba. Don da Iya ta tambaye ka, ba ka yi rantsuwa ba."

Abin da na koya a ranar shi ne, a aikin nan ba mugaye ne ke shigo da ƙarya ba. Mutanen kirki ne da suka gaji a hanya, suka cike sauran da abin da suka saba ji. Yau Nasiru ne zai tantance rubutunku, kuma ya fi ni tsanani. In kuka ga yana kallon ƙafafunku, kada ku ce takalmi yake so.