Albarka Masassaƙi da Tukunyar Shekarar Fara

Albarka ɗan ƙauyen Tabla ne. Shekarar da Faransawa suka kafa bariki a Filinge aka kama shi ɗaukar kaya, yana saurayi, ya bi ayarin soja kudu bai dawo ba. Uwarsa ta yi masa sadakar mamaci. Sai bayan shekara ashirin da 'yan kai ya bayyana, da gizago a kafaɗa da mata 'yar Dahome mai suna Sisiliya. A can bakin teku ya koyi sassaƙa wajen Kiristoci, a can kuma ya shiga addininsu.

Danginsa ba su kore shi ba, ba su kuma so zama da shi ba. Ya kafa gida a gefen kasuwar Filinge yana sassaƙa turame da ƙyauren ɗaki. Ran Lahadi mutum shida ke taruwa a rumfarsa: shi da matarsa, da wani mai yi wa mutane allura a bariki, da gardi biyu masu tsaron bariki, 'yan ƙabilar Mosawa, da matar ɗayansu. Limaminsu yana nesa, sai su shekara ba su gan shi ba. Waƙoƙinsu da baƙon harshe suke, saboda haka Albarka ya zauna yana juya su zuwa Hausa, yana ɗora su bisa kiɗan gurmi. Mata masu zuwa rijiya kan rage tafiya su saurara. Tsohuwa Delu, maƙwabciyarsa, ta ce ita ba ta san abin da suke roƙo ba, amma in Sisiliya ta ɗaga murya tsigar jikinta tashi take.

Sai fara ta sauko wa ƙasar Kurfai, inda Filinge take, ta cinye hatsi tun yana tsaye. Kafin bazara mutanen ƙauye sun cika gari suna tonon gidan tururuwa neman ƙwayar hatsi. Albarka yana da rumbu biyu, don da hatsi ake biyansa aiki. Ya buɗe na farko, Sisiliya ta aza babbar tukunya tana dama kunu kullum da hantsi. Gardin nan biyu suka riƙa kawo rabin abincinsu na bariki. Waɗanda yunwa ta hana su haɗiya, Albarka yakan tallabe kansu ya ba su da ludayi kaɗan-kaɗan, yana rera waƙa a hankali har su natsu.

Malam Sahabi, limamin unguwa, ya ji ana cewa da kunu ake sayen addinin mutane. Ya zo da kansa ya tsaya a bakin rumfa, ya tambayi Albarka abin da yake nema wurin waɗannan bayin Allah.

"Su sha, Malam," in ji Albarka. "Wanda ya samu ƙarfi ya tashi ya yi sallarsa. Ga buta can."

Malam ya daɗe yana kallon layin mutane. Washegari ya aiko da dame huɗu na hatsin zakka, ya kuma faɗa a masallaci cewa mai abin bayarwa ya kai rumfar masassaƙi, don can wuta ke kunne.

Rumbu na biyu ya ƙare kwana tara kafin ruwan farko. Albarka ya sayar da gizagonsa da gurmin, ya sayo dusa. Delu ta ƙirga kwanakin da tukunyar ta yi bisa murhu, ta ce ɗari da goma sha ɗaya ne, ba fashi.

Albarka bai ga girbin ba. Zazzaɓi ya kama shi da damina, jiki kuwa ba sauran ƙarfi, ya rasu a kwana na biyar. Kiristoci biyar ba su isa ɗaukar gawa da haƙa kabari ba, sai ga manoma sun baro noma sun zo da fartanya, har daga Tabla. Suka haƙa, suka koma gefe suka tsaya, Sisiliya da mutanenta suka yi masa addu'a irin tasu. Daga baya Sisiliya ta ƙi komawa Dahome, ta zauna tana karɓar haihuwa a unguwar har tsufanta.