Saura Mutum Biyu

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ba ta wuce shekara bakwai ba, aka kawo mini ita Yelwan Yauri hutun makaranta. Mun rabu da mahaifiyarta tun tana goye, can Sakkwato ta tashi. Ta zo tana gaishe ni a durƙushe kamar wani malaminsu. In na shigo gida sai ta laɓe bayan Inna, mahaifiyata. Abin yana cina, ga hutun yana ta ƙarewa.

Sai na yanke shawarar kai ta wani wajen wasan yara a Birnin Kebbi, ko ta sake da ni. To ni kuma Allah Ya yi ni da ƙin jira. Ko jirgin ruwa zan shiga a Warra, in bai cika ba sai na biya kuɗin gurbin da ya rage don a tashi. Na ji an ce wajen layi ne da shi kamar gidan mai, don haka na duƙufa bincike. Na kira abokina da ke aiki can, na bi shi da tambayoyi har ya gaji da ni: wace rana ce ba cunkoso, yaushe ake buɗe ƙofa, wane lilo aka fi rububi mu fara da shi. Muka tsayar da Talata da safe, bayan hidimar Sallah ta lafa.

Inna ta ji shirin ta ce, "Kai dai ba ka da haƙuri. Yara su ka son yara, kai kuma kana neman ranar da babu kowa."

Na yi dariya, wai ni mai dabara.

Dabarar kuwa ta ci. Mun isa ba kowa sai masu shara. Mai kula da wurin ya tada inji don mu kaɗai. Ɗiyata ta hau dokin roba, yana zagayawa da ita tsakanin dawakan da ba kowa a kansu, ni ina ƙasa ina ɗaga mata hannu. Ta hau jirgi, ta hau lilo, ko sau ɗaya ban ji dariyarta ba. Kafin azahar mun gama komai.

Na ce, "Kin gani? Ko layi ba mu yi ba."

Ta ce, "Ni ina son layi. Ran Sallah Abba ya kai mu irin wanga wuri, muka daɗe tsaye, har ya ɗauke ni bisa wuyanai yana ba ni labari."

Abba shi ne mijin mahaifiyarta. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, ga ɗiyata kuma a gefena. Na yi ta wahalar kawar da layi, ashe a nan ne uba ke samun riƙe hannun ɗiyarsa.

Muka koma tasha. Motar Yauri ba ta cika ba, muka zauna a baya, zafi ya ishe mu. Can ta nuna wata akuya da aka ɗaure a but ɗin motar, ta tambaye ni ko ita ma ta biya. Na ce rabin kuɗi ta biya, ɗaliba ce. Ta tuntsire da dariya. Daga nan tambaya ta ɓarke: da gaske akwai tsohon gari a ƙarƙashin ruwan Kainji? Na iya iyo? Ina tsoron dorina? Tana tambaya tana wasa da maɓallin rigata.

Kamasho ya leƙo ya ce, "Alhaji, saura mutum biyu. Ka cika mu tashi?"

Hannuna har ya kai aljihu. Na ce, "A'a, mu jira."

Yau ta girma, tana can Sakkwato, sai dai waya jefi-jefi. Gidan nan daga ni sai rediyo tun da Inna ta rasu. Na taɓa tambayarta ko tana tuna dokin roba, ta ce sam, akuyar dai take tunawa. Ni kuwa abin da nake tunawa shi ne yadda na zauna a motar nan ina kallon ƙofar tasha, ina roƙon Allah kada mutum biyun su zo da wuri.