Mai Gadin Takalma a Kufena

Duk wanda ya yi karatu a Samaru a farkon shekarun dubu biyu ya san Jemimah, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan mai keken guragu da ke buga wa ɗalibai takardu a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Faɗa gare ta kamar me. Ka kawo mata rubutu a hargitse, sai ta tambaye ka ko da ƙafa ka yi shi. Anti suke ce mata, suna kuma shakkarta.

Ba a haka aka haife ta ba. 'Yar duwatsun kudancin Kaduna ce, inda yarinya ke iya hawa tun ba ta iya ɗaura zani ba. Da ta zo Zariya wurin wanta Sati a Muciya, Dutsen Kufena ne ya fara ɗaukar idonta. Ta ci alwashin hawansa ran Litinin ɗin Ista, ranar da 'yan cocinsu ke fita abin da suke kira Galili: a yi girki, a hau dutse, a sha waƙa har yamma. Istan bai zo ba sai da babbar mota ta ture acaɓar da take kai. Ɗan acaɓan ya tashi ya karkaɗe wandonsa. Ita kuwa daga ƙugu zuwa ƙasa, ko allura aka soka mata ba ta ji.

Ba za a ce 'yan coci sun yar da ita ba. Kowace shekara sai an naɗe kekenta an sa a bas, an kai ta gindin dutsen, an ajiye ta a inuwa. Sai kuma a ba ta aiki. Dutsen santsi gare shi, takalman Ista kuwa ba na hawa ba ne, don haka kowa sai ya tuɓe nasa ya jibge mata. Su a ganinsu karrama ta suka yi. Haka za ta wuni tana gadin takalma, waƙa na sauko mata daga sama, abin yana cin ta a rai.

Ta roƙa a ɗauke ta a hau da ita. Sati ya ce bayansa na ciwo, samari suka ce sai baɗi, fasto ya ce in ta suɓuce fa? Mama Edith, shugabar zumuntar mata, ita cewa ta yi babu mai ɗaukar Jemimah, da ƙafafunta za ta hau. Tsohuwar nan ba taron addu'ar da ba ta ja ta ba, azumin da ta yi dominta kuwa Allah kaɗai ya sani. Jemimah tana ƙaunarta, tana kuma jin nauyinta, don kullum gani take kamar ita ce ta ƙi warkewa.

Ana nan sai aka yi wa Sati canjin aiki zuwa Nguru, tashi bayan Ista. Jemimah ta bincika, aka ce mata can babu dutse, rairayi ne zalla, irin wanda ke kama tayar keke ya riƙe. Ba ta da wanda za ta zauna wurinsa a Zariya. Wannan Galilin shi ne na ƙarshe, in ba ta hau yanzu ba ta hau ke nan har abada.

Ranar, matasa suka jibge takalma suka yi sama. Motar mata tana baya da tukwanen shinkafa. Jemimah ta duba hagu da dama, babu kowa. Tun da ta kwanta ciwo ta rantse ba mahaluƙin da zai gan ta tana jan jiki a ƙasa. Ta zaɓi wasu silifa masu kauri a cikin tulin, ta zura hannuwanta ciki, ta sulale daga keken.

Ba ta bi hanyar da kowa ke bi ba, gudun a maido ta. Ta gefe ta bi, ta wata tsaga da ta daɗe tana nazari da ido. Da baya take hawa: ta dafa, ta ɗaga jiki, ta ja, sannan ta kamo ƙafafun ta jawo su kamar kayan wani. Ranar bazara ta gasa dutsen. Silifa suka tsare mata tafi, amma ƙafafun ba su da bakin faɗa mata komai. Sai da ta ga jini a kan dutse ta san fatar ta saluɓe. Ta yi kuka, ta zagi ƙafafun, ta ci gaba.

Ta yi nisa ƙwarai kafin kafaɗunta su ƙi. A wani ɗan tudu ta maƙale, sama ba hali, ƙasa ba hali, silifa ɗaya ya riga ya gangara. Ƙishirwa ta ɗaure mata harshe. Amma daga nan tana hango Zariya a shimfiɗe, da hayaƙin Sabon Gari, tana kuma shaƙar iskar da rabonta da irinta tun tana da ƙafa.

Sai ga motar mata. Ta ga Mama Edith ta sauko, ta nufi inuwar nan, ta tsaya cak gaban keken da ba kowa a ciki. Tsohuwa ta dafe ƙirji, ta zube bisa gwiwoyinta.

"Ta tashi! Jemimah ta tashi!"

Guɗa ta ɓarke. Aka fito da tulun kiɗa da kacau-kacau, mata suka kewaye keken suna rawa, wasu na kuka, suna yi wa Ubangiji godiya da ya cika alkawari a ranar Galili. Jemimah ba ta taɓa jin waƙa ta yi mata ciwo haka ba. Ta san tana buɗe baki waƙar za ta yanke. Ta daure, ta sake gwada ɗaga jikinta, hannun ya lanƙwashe, ta zame har sai da ta rungumi wani kututture. Nan ta ƙwala kira.

Waƙar ta mutu a hankali, baki bayan baki. Samari suka sauko ta sama suka iske ta. Mama Edith ta rarrafo iya inda ƙarfinta ya kai, ta dubi ƙafafun nan jina-jina.

"Ashe ba ki..."

"Ban tashi ba, Mama," in ji Jemimah. "Hawa na yi."

Ta roƙi samarin su ƙarasa da ita, saura kaɗan. Ba wanda ya saurare ta, maganar asibiti ake yi. A cikin zani suka sauko da ita, kowa na faɗin sannu, mata na share hawayen abin da bai faru ba. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi nisan da ta yi.