Aljihun Baya

Na ga abubuwa da yawa a kasuwa, har da yaƙin da ya zo daga baya ya watsa mu, amma akwai azumi guda da ba ya fita daga raina, kuma na san ba zai fita ba har in koma ga Allah. Shi ne azumin da na fara sayo kaya daga masana'antar ƙasar waje, na kusa raba Kawuna da mutumin da ya fi kowa daɗewa yana ciniki da shi.

A lokacin ina zaman rumfar Kawu a kasuwar Umdurman a Sudan, muna sayar da jallabiya da hula da rawani. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina da waya da baki, kuma ina jin na fi kowa a layinmu wayewa. Kawu yana da wani dattijo daga ƙauyukan wajen Kosti, wanda tun Kawu yana saurayi yake zuwa duk azumi ya sari jallabiyoyin Sallah ya kai wa mutanensa. Irin da yake saye ita ce mai aljihu gaba da baya, wadda gabanta da bayanta iri ɗaya ne, ta duk inda ka zura kai ta zauna daidai. Teloli ke ɗinka mana ita, amma kullum sai sun makara.

Ni na dami Kawu da maganar ƙasar Sin. Na samu wani ɗan Sudan da ke zaune can, yana tara ƙananan 'yan kasuwa irinmu, kowa ya yi odar ɗan abin da zai iya, a haɗa a kwantena ɗaya. Da kyar Kawu ya yarda. Ya zaɓo jallabiya guda cikin masu kyau, ya miƙo mini, ya ce, "Ka aika musu wannan. Ka ce su yi irinta, kada su ƙara, kada su rage."

Da samfurin ya isa, wakilin namu, ɗan Sudan ɗin nan, ya kira ni. Ya ce masu masana'anta suna tambaya, wannan aljihun na baya kuskuren tela ne ko kuwa? In an cire shi aikin zai fi sauri. Ina tsaye a bakin rumfa, Kawu yana ciki yana shan shayi, in na ɗaga murya kaɗan zai ji ni. Ban tambaye shi ba. A raina na ce wa ke sa hannu a aljihun da ke tsakiyar bayansa? Ƙauyanci ne kawai. Na ce wa wakilin, "Tamam, ya zol, babu laifi malam, su cire." Har wani daɗi na ji, wai na gyara abin da tsofaffi suka kasa gyarawa.

Kaya suka iso ta tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan azumi ya yi nisa. Na je kasuwar Suk al-Shabi a Khartum na karɓo kwalayenmu, na loda su a ƙaramar motar haya, muka haye gada ina ta murmushi. Dattijon ya riga ni isa rumfa, suna zaune da Kawu a kan tabarma. Na yanka kwali na zaro guda. Yadi mai kyau, fari tas, ɗinki kamar an ja layi. Kawu ya shafa, ya gyaɗa kai, sannan ya juya ta. Sai hannunsa ya tsaya.

Dattijon ya ƙura wa rigar ido. Ya miƙe, ya karɓi rigar, ya rufe ido, ya jujjuya ta a hannu, ya zura kai. Aljihu ya faɗa a bayansa. Ya shafa ƙirjinsa, babu komai. Ya ce, "To ɗana, yanzu in ina son carbina sai in kira maƙwabci ya ciro mini?"

Masu rumfunan kusa suka fashe da dariya. Na ce, "Ya Haj, ai sai ka duba kafin ka sa."

Ya ce, "Mutanena ba sa dubawa. Manomi zai fita masallaci, ya jawo riga daga igiya ya zura ya wuce. In gabanta ya ɓaci da aiki kuma baƙo ya yi sallama, ya juya ta ya fito tsaf. Haka iyayenmu suka sa ta, haka muke sa ta. Wannan rigar 'yan birni ce." Ya tuɓe ta, ya ninke da kyau, ya ajiye a gaban Kawu. "Motarmu za ta tashi bayan Juma'a. Ban taɓa saye a wajen kowa ba sai kai, amma ba zan koma wa mutane hannu rabbana ba. Ma'alesh, ka yi haƙuri."

Bayan ya tafi Kawu ya ce, "Su suka cire ko kai?" Na ce ni ne. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce kawai, "Mutumin nan shi ya ɗauki makarar mahaifinka tare da ni." Ya ɗauki butarsa ya tafi alwala.

A wurin na ƙudura cewa dattijon nan ba zai taka wata rumfa ba, ko me zai ci mini. Na bi teloli layi layi. Wanda ya san kasuwa ya san abin da ake nufi da zuwa wa tela da sabon aiki ana gab da Sallah. Wani ko kai bai ɗaga ba. Wani ya ce, "Ka dawo bayan Layya, in muna raye." Na koma neman yadi, a nan na gane fari ba ɗaya ba ne. Wani ya yi ruwan madara, wani ya ɗauki shuɗi-shuɗi, duk wanda na ɗora a kan rigar sai ya fito kamar faci. Na yini ina yawo da ƙishirwar azumi ban samu ba.

A motar komawa unguwarmu, Umbadda, rigar tana kan cinyata, dabara ta zo mini. Yadin da zai dace da rigunan nan yana jikinsu. In na sadaukar da kaɗan na yayyanka, za su ba sauran aljihu. Asara ce, amma asarar da ni na jawo.

Saura mai ɗinki. Mahaifina tela ne, ya koya mini ina yaro, na guje wa sana'ar don ina ganin ta yi mini kaɗan. Kekensa na ƙafa yana ɗakin Inna an lulluɓe shi da zane. Da na faɗa mata, ta dube ni sama da ƙasa. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai wannan, keken da ka ce na masu jiran mutuwa ne? Fito da shi, ka sa masa mai."

Muka kafa shi a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Matata tana yanka da almakashi, Inna tana ninke baki tana guga, ni ina taka keke. Aljihun farko ya karkace kamar bakin mai tsaki. Na ce zai wuce. Inna ta miƙo mini reza ta ce, "Warware. Da 'zai wuce' ka kawo mu nan." Na warware. Na biyu ma na warware. Kafin azahar ƙafata ta tuna abin da kaina ya manta.

Kwanakin nan ban je kasuwa ba. Daga fitowar rana sai keke, gumi yana zuba, ina ɗaure tsumma a goshi kada ya ɗiga a kan farin yadi. Allura ta huda mini yatsa, matata ta fizge rigar kafin jini ya taɓa ta, sannan ta tambaye ni ko na ji ciwo. Maƙwabta suna leƙowa suna tsokana: "Ya mai Sin, an dawo Umbadda ke nan?" In ce musu masana'antar ce ta buɗe reshe. Bayana ya riƙe har ruku'u yana ba ni wuya, amma ko sau ɗaya ban yi tunanin tsayawa ba. Duk lokacin da na gaji sai in tuna yadda hannun Kawu ya tsaya a bayan rigar nan.

Ranar Juma'a da hantsi na kai kaya rumfa. Kawu ya aika aka kira dattijon. Tun kafin ya taɓa kwali na gaya masa gaskiya: rigunan ba su kai yadda ya nema ba, don na yanka wasu, kuma aljihun baya ɗinkin hannuna ne. Ya zura hannu can ƙasan kwali ya zaro guda, ya rufe ido, ya jujjuya, ya sa. Ya shafa ƙirji, aljihu yana nan. Ya tuɓe, ya juya, ya sake sawa. Aljihu yana nan. Ya jefa carbinsa a ciki, ya ja bakin aljihun da ƙarfi. Ɗinki bai motsa ba.

Ya dubi Kawu ya ce, "Ɗan tela ne ashe." Sannan ya ce da ni, "Waɗanda suka rasa bana zan ba su haƙuri. Baɗi ka tambayi mai sa riga kafin ka tambayi mai ɗinka ta. Ɗaure mini kaya." Kawu bai yabe ni ba. Sai da muka gama ɗaurewa ya ce in zo gidansa mu sha ruwa tare, kuma in taho da Inna.

Na ci gaba da yin oda daga waje shekaru bayan haka, kaɗan kaɗan yadda ƙarfinmu ya kai. Masana'anta ba ta san mutanenka ba, abin da ka ce mata shi za ta yi, kuma za ta yi shi da yawa. Abin da azumin nan ya koya mini shi ne, in na ga abu a jikin kayan mutane ban san amfaninsa ba, rashin sanin nawa ne, ba nasu ba. Tun daga ranar, duk wakilin da ya kira ni ya ce a cire wani abu, amsata ɗaya ce: dakata, bari in je in tambaya.